Ƙullin Tsoron Baba

A tashar Jugu, can cikin ƙasar Benin, aka fara koya mini hankali, kuma abin takaicin Bahaushe ɗan'uwana ne malamin. Har yau in na tuno hularsa, wata zanna mai ruwan ƙwai da ya karkace ta gefe guda, sai in ji tsaki ya kufce mini ko da abinci nake ci.

Wana na fita nema, Yaya Sale. Mu masunta ne, gidanmu yana wani ɗan ƙauye a bakin kogi gabas da Haɗeja. A kan goran da muke hawa mu kama kifi na koyi zama kafin in san bencin makaranta. Da ciyawar kacalla ta fara cinye mana ruwa, hanyoyin jirgi suka toshe, kifi ya ja baya, sai Yaya Sale ya ce shi kam ba zai zauna yana kallon ciyawa ba. Ya ji labarin wani babban tafki a Gana da ake kira Volta, wai kifinsa ba ya ƙarewa. Ya tafi. Da fari yana kira, yana aiko da ɗan abin da ya samu. Daga baya kiran ya yi nisa, daga nan wayar ta mutu ɗungurungum. Damina ta bi damina, shiru kake ji.

A tsakanin nan idon Inna ya tafi. Dangi suka fara zancen a yi wa Yaya sadaka kowa ya huta. Inna ba ta tanka musu ba, don dama ba ta taɓa yin zancensa a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan", wani lokaci kuma in da ni take magana ta ce "wanka", wato yayana. Yana zaune a gabanta za ta ajiye kwano ta ce da ni, "Ka ce da wancan tuwonsa yana hucewa." Ranar da aka yi zancen sadakar, sai da kowa ya watse ta kira ni ɗakinta.

Ta ce, "Iro, idona ya tafi, amma hannuna yana nan. Ka je ka kawo mini wanka in taɓa. In kuwa ƙasa ta rufe shi, ka ɗebo mini ƙasar."

To, shi ne ka gan ni a tashar Jugu, ina bin mutane ɗaya ɗaya da waya a hannu, ina nuna musu hoton Yaya, ina ɗaga murya kamar mai tallar magani. Dogo ne, baƙi, bahago, daga Haɗeja. Duk tashar babu wanda bai ji ni ba. Can sai ga mai hula ya dafa kafaɗata.

"A'a! Ba dai Sale bahago ba? Na Haɗeja?"

Ban ko tuna cewa ni da bakina na gama shelar bahagon da Haɗejar ba. Ya ce ai tare suka yi zama, yana ma da lambar maigidansa, in kawo wayar ya kira shi, tasa ba caji. Ya karɓi jakata ya rataya, wai baƙo ba ya ɗaukar kaya. Ya ce nan ƙara ta yi yawa, bari ya zagaya bayan waccan tirelar ya ji da kyau. Na tsaya ina murmushi, ina shirya abin da zan fara ce wa Yaya. Na jima ina murmushin nan kafin in gane cewa ni kaɗai nake yinsa.

Jakar ba ta dame ni ba, tsummokarana ne a ciki da ɗan garin rogo. Takarduna suna aljihu, guzurina kuwa matata ta ɗinke shi a ƙugun wando. Wayar ce ta ƙona mini rai, don hoton Yaya guda ɗaya da muke da shi a duniya yana cikinta. Na zagi mai hula, na zagi tashar, na zagi tirelar, ƙarshe na dawo kan kaina na zauna a kan wata taya na yi tagumi.

Mai tirelar ne ya tashe ni. Bazabarme ne, sunansa Hamani, albasa ya ɗauko za shi Gana. Hausarsa ba ta fi cikin cokali ba, amma ya fahimci abin da ya faru, don yana ƙarƙashin motar yana gyara aka yi komai. Ya nuna mini saman buhuna da haɓarsa. Haka na ratsa ƙasar Togo a kwance a kan albasa, rana ta gasa ni, ruwa ya jiƙa ni. Duk inda aka tsaya sai Hamani ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini rabi, bai taɓa tambayata ko ina da abin biya ba. A kan iyaka ma, da ma'aikata suka fara juya takardata suna kallona ƙasa ƙasa, shi ya sauko ya ce yaron motarsa ne ni. Da muka rabu na rasa abin da zan ba shi, sai na yi ta jero masa addu'a yana cewa amin yana dariya. Na yi makonni ina warin albasa, ko a sahun salla sai na ga na kusa da ni yana ɗan matsawa.

Daga nan na gangara Salaga. Ashe nan ce Gwanjar da kakanninmu suke zuwa fataucin goro da jakuna. Na sauka a zango, unguwar Hausawa, na ji Hausa ta ko'ina, amma wata iri. Mace ce za ta wuce, su ce "ya tafi kasuwa". Na yi ta waige ina neman namijin. Wata tsohuwa mai sayar da koko, Mma Azumi, ta ga yadda nake zaune a ƙofar masallaci ba ni da kaya, ta aiko mini da tabarma da wata tsohuwar rigar mijinta. Da yamma ta kawo mini tuwo, wai tuwon zafi suke ce masa. Na ci na gode, amma ina ci ina tuna tuwon shinkafar Inna da miyar kuka wadda aka marmasa bandar tarwaɗa a ciki, irin wadda ƙanshinta ke tarar mutum tun daga bakin kogi. Hawaye ya zubo mini. Mma Azumi ta ɗauka yaji ne, ta kawo mini ruwa.

Ita ta ce in ƙetara Yeji, can ne duk mai sana'ar ruwa yake ɓullowa ranar kasuwa.

Ranar da na fara ganin tafkin nan na tsorata, ni da aka haifa a bakin ruwa. Kogin Haɗeja ruwa ne mai mutunci. Kana wannan gaɓar za ka ƙwala wa na waccan kira ya amsa, har ku yi ciniki. Wannan kuwa wani wurin ba ka ganin ƙarshensa. Ga kuma matattun itatuwa tsaye cikin ruwa, baƙaƙe, ba ganye, wasu sun fito da kai, wasu suna ɓoye a ƙasa. Daji ne aka tare ruwa ya shanye shi. Na ce a raina, Yaya, me ka zo yi nan?

A Yeji na yi tambaya har bakina ya bushe. Sale? Wane Salen? Akwai Sale mai shayi, Sale mai injin niƙa, Sale ɗan Zabarma, Sale da ya mutu bara. Na je na ga mai shayin, na ga mai injin, na bincika wanda ya mutu aka ce gajere ne fari. Ba hoto a hannuna, sai baki, baki kuwa kowa yana da shi. Guzuri ya ƙare. Na ga in ban nemi abin yi ba, ni ma sai an aiko nemana.

Abu ɗaya na iya da hannuna, gyaran raga. A tafkin nan kuwa mai gyaran raga ba ya kwana da yunwa, don kututturan nan na ƙarƙashin ruwa kullum cikin yaga raga suke. Aka kai ni gidan wani dattijo da kowa ke kira Ticha Owusu, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya sayi jirage yana ba matasa suna fita kamun kifi. Kirista ne, ga tabarau a kan hanci, ga son Turanci kamar ya ci. Hausarsa ta kasuwa ce, Turancina kuwa na sakandare ne wanda ruwa ya wanke rabinsa. A haka muke haɗawa mu fahimci juna. Ya ba ni ɗaki a bayan gida, ya kuma sa aka share mini wuri a ƙarƙashin mangwaro don salla, ban roƙa ba.

Wata safiya na baje wata tsohuwar raga a ƙarƙashin mangwaron ina bin ta da yatsu ina neman ɓaraka. Hannuna ne ya fara gani kafin idona. Yatsana ya tsaya a kan wani ƙulli a gefen wani tsohon faci. Na shafa, na sake shafawa.

Bari in faɗa maka yadda abin yake. A gidanmu in an gama faci, ƙulli biyu ake yi, a mayar da wutsiyar zaren ciki ta zama ɗan kunne. Haka Baba, Allah ya jiƙansa, ya koya mana, haka shi ma aka koya masa. Yaya Sale bahago ne, saboda haka nasa kunnen hagu yake kwanciya. Sannan wata rana yana yaro facinsa ya warware cikin ruwa, kamun yini guda ya zurare ta wurin, Baba ya yi masa dukan da har maƙwabta suka shigo ceto. Tun daga ranar, in ya gama ƙulli biyun nan sai ya ƙara na uku, ƙarami, a can gefe, wanda ba ya riƙe komai. Inna ce ta raɗa masa suna ƙullin tsoron Baba. Ita ke bin ragoginmu da yatsu kafin mu fita, tun idonta garau, tana zaune a kan turmi da hantsi. In ta zo kansa sai ta ɗan murmusa ta wuce.

To shi ne a hannuna, a ƙasar Gana, a gidan mutumin da ban taɓa mafarkin sani ba. Biyu, kunne a hagu, ga na ukun a gefe.

Na kurma ihu. Ticha ya fito da gudu da kofin shayi, ya ɗauka maciji ne. Na yi ta nuna masa ƙullin ina magana da Hausa zalla, Hausar Haɗeja ma, wadda ko na Kano sai ya kasa kunne. Da ƙyar ya zaunar da ni na yi masa bayani daki daki. Ya gyara tabarau, ya kai ragar kusa da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya girgiza kai ya ce da Turanci wai wannan shi ne "calling card" na ɗan'uwana.

Na ce, "Ticha, wane kati kuma? Yayana ko katin zaɓe bai taɓa yi ba."

Ya yi dariya har shayin ya zube. Malami dai malami ne ko ya yi ritaya, nan take ya ja kujera ya mayar da ni aji. Ya ce a zamanin da, a ƙasar Turawa, in mutum ya kai wa wani ziyara bai same shi a gida ba, sai ya bar wani ɗan kati mai ɗauke da sunansa a bakin ƙofa, don in mai gidan ya dawo ya san wane ya zo. Yanzu ba mai yin haka, amma maganar ta zauna. Duk abin da mutum ya saba yi, wanda in an gani za a ce wane ne ya bi ta nan ko ba a ga fuskarsa ba, shi suke kira da wannan sunan.

"Ka ɗanɗani yajin matata?" in ji shi.

Na ce na ɗanɗana, har yanzu harshena bai yafe mata ba.

"To ko a biki ka ci shi cikin tukwane ashirin, za ka ce nata ne. Nata katin ke nan. Amma ba a faɗarsa a kan abin da mutum ya yi sau ɗaya, sai wanda ya bi jikinsa. Kuma ba abin kirki kaɗai ba. Ɓarawo ma yana da nasa."

Na tuno mai hula na yi tsaki. Na ce, "Ai mu ma muna da irinta. Mu cewa muke, wannan hannun wane ne."

Ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya maimaita ta har sau nawa yana gyara bakinsa. Sannan ya gaya mini abin da ya sani. Wani dogon mutum ne ya yi facin, daminar da ta wuce, mai yawan tari, marar magana. Bai faɗi sunansa ba, su ma ba su tambaya ba, ɗan Najeriya kawai suke ce masa. Ba ya zama wuri ɗaya, ƙauyukan bakin tafki yake bi yana gyara.

Ticha ya ce, "Ka daina tambayar suna. Sunan bai bar wa kowa ba. Ka bi raga."

Shi ya haɗa ni da mai jirgin da ke kai gishiri da man fetur ƙauyuka. Matarsa ta ƙulla mini dokunu, wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye, da kwalbar yajin nan nata. Na shiga tafki.

Aikin da na koma yi ke nan. In mun sauka ƙauye ba na tambayar kowa komai, sai in nufi inda aka shanya ragogi in bi su da yatsu. Wani ƙauyen babu. Wani ƙauyen in samu, amma zaren ya yi baƙi, ya sha ruwa ya ƙoshi, in san ya daɗe da wucewa. Wani wurin in tarar zaren da sauran haskensa, in ce wa mai jirgi mu ƙara gaba ta wannan gefen. Duk inda na samu sai in ji kamar na shiga zaure na tarar da tabarmarsa da ɗumi, shi kuwa ya fita.

A wani ƙauye saura ƙiris a kashe ni. Ashe a wurinsu baƙo ba ya taɓa ragar mutum, in ya taɓa to asiri ya zo yi don ya kore kifi. Ina tsugune ina shafa ƙulli sai na ji an shaƙe mini wuyan riga ta baya. Kafin in miƙe maza sun kewaye ni da filafilai. Ni kuma da baƙar zuciya, maimakon in ba da haƙuri sai na hau su da masifa, da Hausa, su ba sa ji, ni ba na jin tasu. Wata mata mai bandar kifi ce ta ratso tsakiyarsu, ƙatuwa, idonta ja wur saboda hayaƙi. Ta daka musu tsawa, ta dube ni, ta dubi ƙullin da na ƙi saki. Sai ta ɗaga hannunta na hagu ta yi kamar tana ɗinki, ta yi tari sau biyu, ta ɗaga mini gira.

Na gyaɗa kai kamar wuyana zai cire.

Ta nuna wani tsibiri can nesa da yatsa. Ta kuma cusa mini bandar kifi a aljihu ta tura ni jirgi, tana yi wa mazan faɗa har muka yi nisa. Ko sunanta ban sani ba.

Da hantsi muka isa tsibirin. Raga ta farko da na taɓa, zaren fari fat, ko ruwa bai gani ba. Na bi ta bayan bukkoki. Ƙarƙashin wata rumfar kaba wani mutum yana zaune ya ba ni baya, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito ta cikin riga, kansa duk furfura. Da a hanya na gamu da shi da na wuce. Amma hannun hagu ne ke tafiya da allurar.

Na yi sallama. Ya amsa bai waiwayo ba, da wata murya a shaƙe wadda ban sani ba. Na tsuguna na ɗauki gefen ragar da ya gama.

Na ce, "Yaya, har yanzu tsoron Baba kake ji?"

Hannun ya tsaya cak.

Duk hanyar nan na shirya kuka, na shirya runguma. Da ya juyo na ga fuskarsa, abin da ya taso mini faɗa ne. Na ce haba Yaya, haba! Kana raye? Kana raye kana ɗinke wa mutanen duniya raga, mu kuwa ana shirin yi maka sadaka? Ko waya ba ta ratsa ruwan nan ne? Ya bar ni na yi har na gaji. Sannan ya ba ni labari a gutsure, yana yi yana tari. Ya yi wahala ya mallaki jirginsa da injinsa. Kututture ya farke jirgin a tsakiyar ruwa, komai ya nutse har wayar, shi ma da ƙyar aka tsamo shi. Ya yi jinya mai tsawo, ƙirjin bai koma daidai ba, hayaƙin banda ya ƙarasa muryar. Ya ce bari ya ɗan farfaɗo sai ya kira. Bai farfaɗo ba. Da aka daɗe kuma sai kiran kansa ya zama abin kunya.

Ya ce, "Iro, da wane ido zan shiga garin nan? Na fita na ce zan rufa wa Inna ɗaki da kwano. In koma da allura?"

Na ce, "Inna ba ta ganin kwano, ba ta ganin ciyawa. Ta makance, Yaya."

Bai sani ba. Na ga maganar ta shige shi. Na faɗa masa abin da ta ce, har da zancen ƙasar kabari. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da facin. Raina ya sake ɓaci, na buɗe baki zan fara, sai na ga ruwa yana ɗiga a kan zaren. Ya ƙarasa, ya yi ƙulli biyu, ya mayar da kunne, ya ƙara na uku. Ya ciji zaren ya miƙe.

Ya ce, "Ba a barin faci a buɗe. Mu je."

Mun biya ta Yeji. Ticha Owusu ya riƙe hannun Yaya na hagu da hannu biyu yana jijjigawa kamar ya ga wani shugaba. Ya raka mu har tasha. Da wani kwandasta ya taka mini ƙafa na ja tsaki, sai Ticha ya nuna ni da yatsa yana dariya, ya ce to ga nawa katin, ko a kasuwar Yeji aka ji shi an san Iro ya iso. Ban sake ganinsa ba. Ina yawan tuna shi, da mangwaronsa, da yajin matarsa. In na faɗa wa 'ya'yana Turancin nan guda ɗaya da na kawo daga Gana, dariyar bakina suke yi.

Da la'asar muka shiga ƙauyenmu, ruwa ya fara janyewa daga fadama, ana yankan shinkafa. Mutane suka bi mu ɗuu har gida, ana salati, mata na guɗa. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Yaya ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta da muryar nan tasa da ta lalace, ga Hausarsa ta gauraya da ta zango. Ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta shafa kumatun da suka zurma, ta shafa gemu. Ta janye hannunta.

Ta ce, "Iro."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Na san halinka. Kai mai iya ɗauko mini ɗan wani ne don in mutu da kwanciyar rai."

Na rantse, baffanninmu suka sa baki suka ce wallahi shi ne. Ta ce ta ji, amma su ma ai da bakinsu suka ce ya mutu. Yaya dai yana durƙushe, kansa a ƙasa.

Sai ta ce a shiga ɗakinta, a saman randa akwai tsohuwar ragar Baba, a ɗauko. Aka ɗauko. Ta lalubo wani wuri ta sa yatsu ta yaga da kanta. Ta ce a ba baƙon allura.

Muna tsaye muna kallo ya yi facin nan. Da ya ciji zaren aka miƙa mata. Ta bi gefen facin da yatsa a hankali, yadda take yi a kan turmi muna yara. Ta wuce ƙulli na farko, ta wuce na biyu. Ta taɓa kunnen, ta juya shi, ya koma hagu. Yatsan ya matsa gefe yana nema, ya samu, ya tsaya.

Ta ce, "Sale."

A hankali ta faɗa, amma duk wanda ke tsakar gidan ya ji. Matan da ke guɗa suka kama baki. Yaya ya kifa kansa a kan ƙafafunta, kafaɗunsa suna girgiza. Ita kuwa sai ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya kai gefe.

Ta ce, "Kun tsaya kuna kallona. Iro, ka ce da wancan ya tashi ya sha ruwa."

Inna ta ƙara damina biyu a duniya, Allah ya jiƙanta. Yaya yana nan, yana gyaran raga a bakin kasuwar kifi ta Haɗeja, ko da yake yanzu masu kawo gyara sun yi ƙaranci, in ta yage yarwa suke yi su sayi sabuwa. Ragar Baba tana rataye a ɗakina. Har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunan nan ba. Sau ɗaya ta faɗa, kuma ina wurin.